Shayi da zalabiya ba sa riƙe yaro har fatur

Wata dattijuwa ta kawo jikanta ɗan shekara 9 ɗakin shan maganin da nake aiki a nan Gadarif. Malaminsa ne ya ce a kai shi a duba, wai kullum kafin ƙarfe goma ya kifa kai a kan benci. Muka gwada, babu zazzaɓin cizon sauro. Sai na ce, "Iya, me yake ci kafin ya fita?" Ta dube ni kamar na zage ta. "Haba 'yar nan, jikana bai taɓa fita da yunwa ba. Shayi da zalabiya biyar, kullum ta Allah."

Gaskiyarta, ba ya fita da yunwa. Sai dai zalabiya fulawa ce aka soya a mai aka barbaɗe da sukari, shayin ma cokali uku na sukari, madarar cikinsa ba ta wuce ta sauya masa launi ba. Irin wannan karin wutar kara ne: ta kama bal-bal, kafin ka juya ta mutu. Sukarin jini ya hau da sauri, ya sauko da sauri, yaro ya koma hamma. Abin da babu a ciki shi ne furotin, sinadarin da jiki ke gina tsoka da jini da garkuwa da shi, wanda kuma ya fi daɗewa a ciki yana riƙe mutum.

Mu a Sudan mun saba jinkirta fatur, wato babban karin kumallo, sai goma ko sha ɗaya. Ba ni da faɗa da wannan al'ada, don fatur na gaske, ful (dafaffen babban wake) da man riɗi da jibna (cuku) da ta'amiyya (irin ƙosai), abinci ne da ba shi da makusa. Damuwata biyu ce. Yaro da mai juna biyu da mai shayarwa ba sa iya wannan jira a kan shayi kawai. Sannan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, garin nan ya cika da 'yan uwanmu daga Khartum da Madani, kwano ɗaya ya koma na mutum goma, fatur ɗin gidaje da yawa ya zama bosh. Bosh akwai daɗi, ni ma ina ci, amma burodi ne a ruwan ful. Furotin yana cikin ƙwayar waken, ruwan ɗanɗano kawai ya ɗauko. In za ki sayi bosh, ki ce a zuba ludayin ful ɗin kansa, ko da za a rage burodi.

Lissafin ba wuya. Babban mutum yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 60 yana neman wajen giram 50. Mai ciki da mai goyo sun fi haka. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Kofin madara ko nono, giram 8. Kofin dafaffen ful, wajen 13. Na adas, wani ƙaramin wake mai faɗi, wajen 18. In aka samu 15 zuwa 20 da safe, an fara yini da ƙafar dama, ba kuwa sai da nama ba.

Abin da na fi nanata wa mata shi ne dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Gyaɗa kashi ɗaya cikin huɗu nata furotin ne, cokali biyu na dakwa sun kai giram 7 zuwa 8, sun ɗara ƙwai guda. Tana nan a kowace kasuwa, ba ta son wuta, ba ta son firiji, ga shi wutar lantarkin ma sai ta ga dama. Mun ajiye ta sai salatar tumatir da rana, alhali da safe aka fi bukatarta. A shafa ta a burodi. A dama cokali biyu a cikin madida ko kokon yara yana kan wuta. Kunun gyaɗa da iyayenmu suka zo da shi daga ƙasar Hausa, wanda muka mayar na azumi da na mai jego kaɗai, ya dawo kari na kullum. Kin san jan ƙullin nan da muke ba yaran da tamowa ta kama, Plumpy'Nut? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari, aka ƙara sinadarai. Shi dai magani ne, na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai, kada a raba wa yayyensa, amma ya isa ya nuna miki darajar abin da ke cikin kwanonki. Ƙuli-ƙuli ma kada a raina shi: da aka matse man, furotin ɗin ne ya rage a dunƙule. A daka shi a zuba a kunu.

Dawa da gero suna da nasu furotin, sai dai bai cika ba, akwai wani ɓangare mai suna laisin da suke da ƙarancinsa, wake kuwa yana da shi a wadace. Shi ya sa kisra (siririyar wainar dawa) da adas, ko koko da ƙosai, ko fura da nono, suka fi kowannensu shi kaɗai. Kakanninmu ba su san sunan laisin ba, amma haɗin nasu daidai ne. Adas ja ba ya buƙatar jiƙo, minti 20 ya nuna, gawayi kaɗan ya ishe shi. Balila, wato dafaffen wake guda-guda, ta lubiya adasi ko kabkabe, a jiƙa da dare, a dafa, a ɗumama da safe da ɗan man riɗi da lemun tsami. Ban san wanda ya yanke cewa sai Ramadan ake cinta ba.

Maganar ƙwai kuma, har yau ina jin ana cewa in yaro ya saba da shi zai yi sata. Ban taɓa ganin ɓarawon da ƙwai ya koya wa sana'a ba. Daga wata 6, bayan an shayar da nonon uwa zalla, ana iya fara ba jariri dafaffen ƙwai a murmushe. In ƙwai ɗaya ne a gidan, ƙaramin yaro ya fi maigida bukatarsa, malamai ku yi haƙuri.

Akwai inda za a yi hattara. Madarar da aka kawo daga rugga a tafasa ta kafin a sha ko a kafa nono, don ɗanyar madara ce hanyar zazzaɓin maltiya. Gyaɗar da ta yi funfuna ko take ɗaci a zubar, gubarta hanta take ci, suya ba ta kawar da ita. Ƙananan yara kada a ba su gyaɗa guda-guda, tana shaƙe su. Yaron da ya ci ful sai idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, a garzaya da shi asibiti ranar. Wani lahani ne na gado a jini, ya fi kama maza, kuma ful ya haramta gare shi daga nan. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya ƙara komai. Shayi kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, a bar kamar awa ɗaya tsakaninsu, a matsa lemun tsami a ful ɗin.

Ita dai Iya ban ce ta daina zalabiya ba, na san ba za ta ji ba. Muka yi ciniki: biyu maimakon biyar, sai rabin burodi da dakwa, da madara ta gaske a kofin. Ta ɗaure gefen tobinta tana ƙunƙuni wai yaran zamani har kari sai an rubuta musu a takarda, sannan ta juyo daga bakin ƙofa ta tambaye ni cokalin shayi nake nufi ko na miya. Na ce na miya.