Me ake nufi da "kayan mutunci"?

Tun daga ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kalmar "kayan mutunci" ta shiga bakin 'yan rediyo da 'yan siyasa. Ƙullin kaya ne da hukumomi irin su UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, ke raba wa matan da bala'i ya raba da gidajensu: audugar mata, sabulu, ɗan kamfai, zani, bokiti, galibi har da tocila da usur. Tocilar don zuwa makewayi da dare ce, usur ɗin kuma don ta busa idan wani ya biyo ta cikin duhu.

Kayan ba su da laifi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake juya kalmar mutunci ɗin kanta.

Daga "mutum" aka samo ta, kamar yadda aka samo zumunci daga zumu, shugabanci daga shugaba. Mutunci shi ne kasancewarka mutum, da darajar da wannan ya ba ka. Da shi aka haifi mace, ba wani ne zai zuba mata shi a bokiti ba. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji mai gabatar da shiri ya ce wane "ya dawo wa mata ɗari da mutuncinsu". Ina ya je da za a dawo da shi? Gida suka rasa, da gona, wasu da miji. Aikin kayan shi ne mace ta iya fitowa layin abinci ko asibiti tana jinin al'ada, ba ta ɓuya a ɗaki da tsumman kunzugu guda ɗaya ba.

Na taɓa halartar wani rabo a nan Zariya, na matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Giwa. Aka jera su a rana, aka ce kowacce ta ɗaga audugarta sama za a ɗauki hoto. Wata dattijuwa ta karɓe ta jikarta ta cusa cikin hijabi, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, a gaban maza?" Na ce, "Yi haƙuri, Inna." Ban sami abin ƙarawa ba. A Hausa wannan cin mutunci ne, ko me aka rubuta a jikin buhun.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe a hanyar gudu ko a sansani, sai ka ji an ce "ta rasa mutuncinta", wato an mayar da mutunci ya zama budurci kawai. Wanda ya aikata ai shi ne marar mutunci, amma maganar tamu ta ɗora asarar a kanta. Illar kuwa a jiki take fitowa. Iyaye sai su yi gum don rufin asiri, alhali maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shan sa, na hana ɗaukar ciki kuma ba ya wuce kwana 5. Kafin a gama shawara tsakanin kawu da gwaggo, lokacin ya ƙure.

A Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan akwai cibiyar Salama, wadda aka buɗe don irin waɗannan mata da yara. Da masu rabon kaya za su ajiye kyamara su sa mace ta raba wa mata cikin ɗaki, tana gaya wa kowacce sunan wurin nan da maganar awa 72, da ban damu da sunan da suka sa wa bokitin ba.