Dokar Turai kan kwashe rassa da kututture daga daji

A dazukan Suwidin da Finlan, idan aka sare bishiyoyi aka tafi da gungume, a da can a wurin ake barin rassa da ganye da kututture su ruɓe. Da tashoshin wuta da na ɗumama gidaje suka fara ƙona itace a madadin gawayin kwal, sai wannan tarkacen ya zama kuɗi, aka shiga kwashe shi da manyan motoci.

Matsalar ita ce yawancin abincin da bishiya ta zuƙo daga ƙasa, irin su kalsiyam da fotasiyam da fosfaras, sun fi taruwa a ganye da ƙananan rassa da ɓawo. Duk manomin da ya taɓa share gonarsa tas, kara da karmami, shekara bayan shekara ba tare da taki ba, ya san yadda ƙasa ke gajiya.

Wannan na cikin abubuwan da aka duba a watan Oktoba na 2023, lokacin da Tarayyar Turai ta sake gyara dokarta ta makamashi mai sabuntuwa. Kafin a lissafa wutar da aka samu daga itacen daji a matsayin mai sabuntuwa, ko a ba ta tallafin gwamnati, sai an nuna cewa an sari itacen ba tare da tumɓuke kututture da saiwa ba, ba a yi sara a kan ƙasa mai rauni ba, kuma an yi aikin ta hanyar da ke rage yadda injinan sara ke danƙare ƙasar. Sharaɗin da a baya ya shafi tashoshi masu ƙarfin megawat 20 zuwa sama yanzu ya sauko kan na megawat 7.5. An ba ƙasashe zuwa 21 ga Mayu 2025 su shigar da shi cikin dokokinsu.

Kalmar "ƙasa mai rauni" ce ke da wuyar sha'ani, domin sai an je wurin an tona an gani. Jigawa mai tsami ba ta riƙe abinci, kwasa ɗaya ko biyu tana iya talauta ta. Laka kuwa tana da abinci, amma idan mota mai nauyi ta bi ta kanta tana jiƙe, sai tayoyi su bar kwari, ƙasar ta danƙare, ruwa da iska su kasa ratsawa, saiwar sabon dashe ta rasa hanya. A Faransa masu aikin daji kan duba laushin ƙasa da tsaminta da yadda ganye ke ruɓewa a samanta kafin su ce a kwasa ko a bari.

A ganina Suwidin ce ta fi kawo abin a aikace. Hukumar kula da dazukanta ta ba da shawarar a bar aƙalla kashi 20 cikin 100 na rassan a inda aka sare su, a kuma mayar da tokar tashoshin cikin daji, kada ta wuce tan 3 a kowace hekta cikin shekara goma.