Me ake nufi da tantance ingancin takardar tambayoyin lafiya da aka fassara?

A rahotannin binciken lafiya ana yawan cin karo da jimlar da ke cewa an yi amfani da takardar tambayoyi wadda aka tantance ingancinta a harshe kaza. Ma'anar wannan ita ce, bayan an fassara tambayoyin, masu bincike sun gwada su a kan marasa lafiya na gaskiya masu jin wannan harshe, suka nuna da lissafi cewa makin da ake samu yana auna abin da aka ce yana aunawa, kuma ba ya sauyawa haka kawai. Aikin da likitoci suka yi a Turkiyya a kan ma'aunin tsananin rashin iya riƙe bayan gida ya isa misali.

Rashin iya riƙe bayan gida shi ne kuɓucewar tusa, majina, zawo ko kashi mai tauri ba da son mutum ba. Yagewar tsokar da ke zagaye da dubura lokacin haihuwa na cikin manyan dalilansa a wajen mata, sai kuma lalacewar jijiyoyi, tsufa, gudawa mai daɗewa da wasu ayyukan tiyata a dubura. Ciwo ne da kunya ke rufe bakin mai shi, kuma babu gwajin jini da zai nuna tsananinsa, saboda haka dole likita ya dogara da abin da mara lafiya ya faɗa. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro ma'aunai da ke mayar da amsoshi zuwa lamba. A 1993 Jorge da Wexner suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 5 da makinsa ke farawa daga 0 zuwa 20. A 1999 kuma Rockwood da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da wanda ake kira FISI, mai tambayar sau nawa kowanne daga cikin abubuwa huɗun nan yake kuɓucewa, tun daga sau 1 zuwa 3 a wata har zuwa sau 2 ko fiye a rana, makinsa kuma yana kaiwa 61. Duka biyun da Turanci aka rubuta su. An buga sakamakon tantance ma'aunin Wexner a Turkanci a 2011, na FISI kuma a 2016.

Matakin farko shi ne fassarar kanta, kuma tana da ƙa'ida, wadda mafi shaharar tsarinta shi ne na Beaton da abokan aikinsa na shekarar 2000. Mutum biyu da Turkanci ne harshen uwarsu za su fassara takardar, kowa shi kaɗai, ɗaya ya san likitanci ɗaya bai sani ba. Sai a haɗa fassarorin biyu su zama ɗaya, a ba wasu mutanen daban da ba su taɓa ganin ta asali ba su mayar da ita Turanci, sannan kwamitin ƙwararru ya zauna ya duba inda ma'ana ta zame. Bayan haka a gwada ta a kan marasa lafiya 30 zuwa 40, ana tambayar kowa abin da ya fahimta da kowace tambaya. Amfanin wanda bai san likitanci ba a bayyane yake: likita zai rubuta kalmar asibiti da ya saba da ita, alhali dattijuwar da ta zo daga ƙauyen yankin Anatoliya na Turkiyya kalmar gida ta sani, kuma idan ba ta gane tambayar ba, mai yiwuwa ta ce a'a don kawai a wuce wurin.

Daga nan ne ainihin tantancewar take farawa, kuma abu biyu ake nema. Na farko shi ne tabbatuwar sakamako. Ana ba mutum takardar ya cika, a bar shi kamar mako biyu ba tare da an sauya masa magani ba, sannan ya sake cikawa. Idan matar da ta samu maki 30 a karon farko ta dawo da 12 alhali babu abin da ya canza a jikinta, to laifin na takardar ne. An zaɓi tazarar mako biyu ne domin idan aka gajarta mutum zai tuna amsoshinsa na baya, idan kuma aka tsawaita ciwon kansa zai iya sauyawa. Ana kuma duba ko tambayoyin suna tafiya tare da juna ta hanyar lissafin da Cronbach ya gabatar a 1951, wanda sakamakonsa ba ya wuce 1, inda aka saba karɓar 0.70 zuwa sama.

Abu na biyu ya fi wuya, wato nuna cewa takardar tana auna tsananin ciwon ne ba wani abu daban ba. Ma'auni yana iya ba da amsa iri ɗaya kullum amma ya zama kuskure, kamar mudun da aka lotsa gindinsa, wanda kullum awonsa ɗaya ne kuma kullum a tauye yake. Tun da babu wani gwaji guda da kowa ya amince shi ne alƙali, sai a bi ta gefe. Ana kwatanta makin da na wani ma'auni da aka riga aka amince da shi, ana duba ko masu ciwon suna samun maki sama da waɗanda ba su da shi, ana kuma duba ko makin yana hawa yayin da jin daɗin rayuwar mutum yake raguwa, misali a takardar FIQL mai tambayoyi 29 da ta shafi kunya, damuwa da ƙauracewa mutane. Wasu masu binciken suna ƙarawa da na'urar da ke auna ƙarfin matsewar dubura, sai dai sakamakonta ba kullum yake tafiya daidai da abin da mara lafiya ke ji ba.

A ganina wurin da ya kamata mai karatu ya fi sa ido shi ne iyakar wannan kalma. Ingancin da aka tabbatar na mutanen da aka gwada ne. Binciken 2011 na ma'aunin Wexner a kan mata aka yi shi, saboda haka ba a kansa kaɗai za a dogara a ce takardar ta dace da tsoffin maza da aka yi wa tiyatar hanji ba. Akwai kuma batun nauyin maki a FISI, wanda aka samo daga ra'ayin wani ƙaramin rukunin marasa lafiya a Amurka: kuɓucewar zawo sau 2 ko fiye a rana maki 19 ne, ta kashi mai tauri 18, ta tusa kuwa 12. Fassara tana ɗauko waɗannan lambobi yadda suke. Amma a ƙasa irin Turkiyya, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, fitar tusa tana warware alwala, kuma mai fama da ita yana iya ganin ta fi komai dagula masa rana saboda salla biyar da shiga sahun jam'i. Takardar za ta iya cin dukkan gwaje-gwajen lissafi ba tare da ta kama wannan nauyi ba.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin a cibiyoyin kula da masu yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina da Danja a Jamhuriyar Nijar, akwai matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon bayan gida ma. Idan ma'aikaciyar jinya tana riƙe da takardar Turanci tana fassara wa kowace mace da baki yadda ya zo mata, makin da ta rubuta yau ba lallai ya yi daidai da wanda abokiyar aikinta za ta rubuta gobe ba. Kuma tun da da yawa daga cikin matan ba sa karatun boko, duk takardar da za a tantance da Hausa sai an gwada ta a yadda za a yi amfani da ita, wato ana karanta wa mace tambayar a keɓe tana amsawa.