William Hackett: mahaƙin kwal da ya rasu a ramin yaƙi

Wane ne shi?

Baturen Ingila ne, haifaffen Nottingham a 1873. Ya shafe shekara 23 yana haƙar kwal a yankunan Nottingham da Yokshaya kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sau uku ya nemi shiga soja ana mayar da shi, sai a 1915 rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya ta ɗauke shi, yana da shekara 42.

Me soja zai yi da mai haƙar kwal?

A fagen daga na Faransa kowane ɓangare ya kafe a ramukansa, ba mai iya kutsawa. Sai aka koma yaƙin ƙarƙashin ƙasa: a haƙa rami har ƙarƙashin sansanin abokan gaba, a cika shi da nakiya, a tayar. Aikin na buƙatar wanda ya san ƙasa, ya iya tokare rami da katako, yake jin motsin haƙan maƙiyi ta cikin laka. Mahaƙa kuwa sana'arsu ke nan, shi ya sa ba a cika duba shekarunsu ba.

Yaya ya rasu?

Ranar 22 ga Yuni 1916, kusa da ƙauyen Givenchy, Jamusawa suka tayar da wata ƙatuwar nakiya, ramin da Hackett yake ciki ya rufta da mutum biyar. Bayan kusan awa 20 masu ceto suka huda ƙaramar kafa. Hackett ya taimaka wa uku suka fita. Saura Thomas Collins, saurayi ɗan Wales da ya ji mummunan rauni, ba zai iya rarrafe ba. Hackett na da damar fita, ya ƙi, ya ce shi mahaƙi ne, sai ya kula da sauran tukuna. Ƙasa ta sake ruftawa. An yi kwana huɗu ana tono, ba a cim musu ba. Har yau gawarwakinsu na can.

A ganina wannan ɗabi'a daga ramin kwal ya zo da ita, inda ba a barin abokin aiki a ƙasa. Horon soja na 'yan watanni ba zai koya wa mutum haka ba.

Ta yaya ake tunawa da shi?

An ba shi lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta a Birtaniya, kuma shi kaɗai ne cikin mahaƙan yaƙin ya same ta. Sarki George na Biyar ne ya miƙa wa matarsa. Sunansa na kan dutsen tunawa na Ploegsteert a Beljiyam, kuma a 2010 aka kafa wani a Givenchy domin rundunonin mahaƙan baki ɗaya.