Waiwaye: yadda gwajin tsohuwar manhaja ya koma musanya abin da take dogaro da shi

Har gobe masu rubuta manhaja na ja-in-ja a kan tsohon kod ɗin da aka hana taɓawa: ya dace a shiga ta bayan gida a musanya masa agogo ko rumbun bayanai da na bogi don a gwada shi, ko kuwa hakan rufa-rufa ce? Maganar ba yau ta fara ba.

Kent Beck da Erich Gamma sun rubuta JUnit, kayan aikin gwada kod ɗin yaren Java, a 1997. A 2000 aka gabatar da dabarar kafa abin bogi a madadin na gaske. Sai dai dabarar na bukatar kod mai karɓar abin dogaronsa daga waje. Kod ɗin da ya kira agogon na'ura kai tsaye, ko ya buɗe hanyar rumbun bayanai da kansa, bai bar ƙofa ba.

Inda lamarin ya juya, kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne 2004, da fitowar Java 5. A cikinta aka saka java.lang.instrument, wanda ke ba ƙaramar manhaja damar karɓar kilas, wato ɓangare guda na kod ɗin Java, kafin a loda shi, ta sauya cikinsa, ta mayar. Java 6 ta 2006 ta faɗaɗa damar sake sarrafa kilas ɗin da aka riga aka loda. Ba don gwaji kaɗai aka yi wannan ba, masu auna saurin manhaja ma na amfani da shi. Amma daga nan aka daina tambayar ko kod ya bar ƙofa, tunda ana iya fasa bango. A ganina tushen taƙaddamar ke nan: gwaji ya rabu da dogaro da tsarin kod, ya koma dogaro da hanjin injin da ke tafiyar da shi.

A kan wannan harsashi Mockito 3.4, kayan aikin ƙera abin bogi don gwaji, ya kawo mockStatic a 2020, hanyar ɗaure kiran da kod ke yi kai tsaye ya dawo da amsar da ka zaɓa. A ce kod na lissafa ruwan bashi da LocalDate.now(), kiran da ke ba da kwanan watan yau. Sai ka ɗaure wannan kira ya dawo da 29 ga Fabrairu 2024, ka ga abin da zai fito. Tarko biyu ne a nan. Ɗaurin yana aiki ne a zaren da aka yi shi kawai, wato layin aiki guda cikin waɗanda manhaja ke tafiyarwa a lokaci ɗaya. Idan kod ya miƙa aikin ga wani zare, kwanan wata na gaske zai gani. Idan kuma ba ka rufe ɗaurin ba, zai bi gwaji na gaba ya ɓata shi, ka yi ta neman kuskure inda babu shi.

Daga baya injin Java ya fara rufe ƙofofinsa. Java 17 ta 2021 ta killace cikinta, gwaje-gwajen da ke kutsawa can suka riƙa faɗuwa alhali ba a sauya layi ɗaya na kod ba. Java 21 ta 2023 kuwa tana gargaɗi idan aka maƙala ƙaramar manhajar nan mai sauya kilas bayan aiki ya fara, don haka yanzu ana bayyana ta tun farko da umarnin -javaagent.