Steemit da matsalar riƙe marubuta

Steemit dandali ne na rubuce-rubuce da sada zumunta da aka gina a kan bulokcen ɗin Steem, wato kundin bayanai da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, ta yadda abin da aka shigar ba ya goguwa. Ned Scott da Dan Larimer ne suka kafa shi a Amurka a 2016. Bambancinsa da Facebook ko Reddit shi ne marubuci yana samun kuɗin kirifto idan masu karatu suka kaɗa wa rubutunsa ƙuri'a. Wannan alkawari ya jawo jama'a cikin hanzari, amma zaunar da su shi ne abin da ya fi ba dandalin wahala.

Yadda ake rabon lada

Tsarin yana ƙirƙiro sababbin kuɗin STEEM a kai a kai, ana zuba kaso mafi tsoka a asusun lada. Rubutu yakan yi kwana 7 yana tara ƙuri'u kafin a biya. Ƙuri'un ba nauyinsu ɗaya ba: gwargwadon Steem Power, wato kuɗin STEEM da mutum ya kulle a asusunsa a matsayin jari, gwargwadon ƙarfin ƙuri'arsa. Masu tarin jari ana ce musu manyan kifaye, sababbin shiga kuwa ƙananan kifaye. Ƙuri'a guda ta babban kifi kan kai rubutu shafin farko, alhali ƙuri'un ƙanana da dama sau da yawa ba sa haɗa dala ɗaya. Da farko mai son cire jarinsa sai ya jira mako 104 kafin ya kammala, aka rage zuwa mako 13 a ƙarshen 2016.

Tarihi

A ranar 4 ga Yuli, 2016 aka yi biyan farko, wanda aka ƙiyasta ya kai kimanin dala miliyan 1.3. Labarin mutanen da rubutu ɗaya ya kawo musu dubban daloli ya bazu, jama'a suka yi ta tururuwa. A lokacin lissafin lada yana fifita masu babban jari ninkin-ba-ninkin, har ƙorafi ya yi yawa. A watan Yunin 2017 aka daidaita lissafin, ƙarfin ƙuri'a ya koma daidai da yawan jari.

Gyaran ya zo da nasa ciwon. Tunda kowa ya san abin da ƙuri'arsa za ta haifar, sai kasuwar sayar da ƙuri'a ta buɗe. Manhajoji masu aiki da kansu suna karɓar kuɗi su kaɗa wa rubutu ƙuri'a ba tare da wani ya karanta ba, shafin farko ya cika da abin da aka saya wa gurbi. Marubucin da ya kwana yana tsara maƙala yana kallon wanda ya liƙa hoto ɗaya ya wuce shi. Babu abin da ya karya gwiwar masu rubutu na gaskiya kamar wannan.

Farashin STEEM ya kai wajen dala 8 a watan Janairun 2018, sannan ya rikito tare da sauran kasuwar kirifto. Lada ya ragu, masu rubutu suka ragu tare da shi. A watan Nuwamban shekarar kamfanin Steemit ya sallami kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatansa. A watan Agustan 2019 aka sake fasalin rabo: marubuci rabi, masu ƙuri'a rabi, maimakon kashi 75 da 25 na da. Aka kuma ba kowa damar kaɗa ƙuri'ar rage lada ba tare da ta ci ƙarfin ƙuri'arsa ta yabo ba, abin da ya rage cinikin ƙuri'u sosai.

Makonnin farko na sabon shiga

A nan aka fi rasa mutane. A wasu lokuta buɗe asusu kyauta kan ɗauki kwanaki ana jiran amincewa. Daga nan a miƙa wa mutum dogayen mabuɗan sirri, ɗaya na wallafawa, ɗaya na hada-hadar kuɗi, ɗaya na mallaka, tare da gargaɗin cewa idan babban cikinsu, wato na mallaka, ya ɓata babu mai dawo masa da shi. Al'adar dandalin ita ce ya gabatar da kansa, galibi da hotonsa riƙe da takarda mai ɗauke da sunan asusunsa da kwanan wata. Wannan rubutun kan samu maraba. Na biyu da na uku su ne gwaji: ya buɗe shafinsa bayan kwana 7 ya tarar da 'yan santoci, ba sharhi ko ɗaya sai na manhaja.

Waɗanda suka zauna, yawanci wani ne ya karanta su ya amsa musu. Ƙungiyoyin sa-kai irin su Curie, tun a 2016, sun ɗauki aikin zaƙulo rubutu mai kyau na waɗanda ba a sani ba, su nemo masa ƙuri'a mai nauyi. Manhajar Cheetah kuma ta riƙa bankaɗo satar rubutu. Gasa, aron Steem Power ga sababbi, da zaurukan masu sha'awa iri ɗaya da aka buɗe a farkon 2020 duk sun taimaka, domin suna ba mutum dalilin dawowa ko da farashi ya faɗi.

Rabuwar 2020

A watan Fabrairun 2020 Justin Sun, wanda ya kafa wani bulokcen mai suna Tron, ya sayi kamfanin Steemit. Rikici ya ɓarke tsakaninsa da shaidu, wato zaɓaɓɓun masu tabbatar da bayanan kundin, kan jarin da kamfanin ke riƙe da shi. Kowane ɓangare ya zargi ɗayan da ƙwace iko. A ranar 20 ga Maris wani babban sashe na jama'ar ya ɓalle ya kafa sabon bulokcen mai suna Hive, ya tafi da kwafin tsofaffin rubuce-rubuce da asusai.

Halin da ake ciki

Steemit da Hive duka suna aiki. Ana shiga Hive ta manhajoji irin su PeakD da Ecency.