Waiwaye: Yadda takardu suka riƙa tsallake sunan Falasɗinawa

Ranar 2 ga Nuwamba, 1917, ministan harkokin wajen Birtaniya, Arthur Balfour, ya aika wa Lord Rothschild, wani jigo a cikin Yahudawan Birtaniya, wata gajeriyar wasiƙa, inda ya ce gwamnatinsa na goyon bayan kafa wa Yahudawa mazauni na ƙasa a Falasɗinu. A lokacin ƙasar na hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya, sojojin Birtaniya ma ba su kai ga shiga Birnin Ƙudus ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna wurin Larabawa ne, Musulmi da Kirista, amma wasiƙar ba ta ambace su da suna ba. Ta kira su al'ummomin da ba Yahudawa ba, ta ce za a kare haƙƙinsu na addini da na zaman yau da kullum. Maganar su mulki kansu kuwa, ba a ce uffan ba. A nan aka fara ƙulla ƙullin da har yau ba a warware ba.

Su ma Yahudawa ba da wasa suka zo neman ƙasa ba. Tun taron Basel na 1897 da Theodor Herzl ya jagoranta, masu aƙidar Sahayoniyanci suka yanke cewa Bayahude ba shi da tsaro a Turai muddin ba shi da ƙasarsa. Kisan Yahudawa kusan miliyan shida da 'yan Nazi suka yi ya tabbatar wa duniya cewa tsoron nasu gaskiya ne. Abin da ke min ciwo shi ne, Turai ce ta aikata laifin, amma manomin zaitun da ke ƙauyukan Galili ne ya biya diyya.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1947, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na 181: a raba ƙasar gida biyu, Ƙudus kuma ya zauna ƙarƙashin kulawar duniya. Yahudawa, waɗanda suke kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, aka ba su fiye da rabin fili. Shugabanninsu suka karɓa, Larabawa suka ƙi. Jagoran Yahudawan, David Ben-Gurion, ya ayyana kafa ƙasar Isra'ila ranar 14 ga Mayu, 1948, yaƙi ya ɓarke, kuma Falasɗinawa sama da 700,000 suka gudu ko aka kore su daga gidajensu. Wannan ce Falasɗinawa ke kira Nakba, wato babbar masifa. Ƙasar Larabawa da ƙudurin ya tanada ba ta taɓa tsayuwa ba. Jordan ta riƙe Yammacin Kogin Jordan, Masar ta riƙe Zirin Gaza, har Isra'ila ta mamaye su duka a yaƙin kwana shida na 1967.

Ƙuduri na 242 da ya biyo bayan wannan yaƙi, wanda ake ta kafa hujja da shi har gobe, shi ma bai ce Falasɗinawa ba. Matsalar 'yan gudun hijira kawai ya ambata, tamkar mutanen da tanti da buhun gari kaɗai suke buƙata. Don haka aikin farko na ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu, PLO, wadda aka kafa a 1964, shi ne a yarda cewa akwai al'umma mai wannan suna. Ta samu hakan a 1974, lokacin da shugabannin Larabawa a Rabat suka ce ita kaɗai ce wakiliyar Falasɗinawa, kuma shugabanta Yasser Arafat ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. A Nuwamban 1988, ana tsakiyar boren Falasɗinawa da ake kira Intifada, ya ayyana ƙasar Falasɗinu daga birnin Aljiyas. Najeriya da Nijar na cikin waɗanda suka amince da ita tun a wannan watan.

Sai yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da PLO. A 1993 PLO ta rubuta cewa ta amince da haƙƙin Isra'ila na wanzuwa a matsayin ƙasa. Isra'ila kuwa ta amince da PLO a matsayin wakiliyar Falasɗinawa, ba ta ce ƙasa ba. An kafa Hukumar Falasɗinawa a matsayin gwamnatin riƙo ta shekara biyar, aka ɗage maganar Ƙudus, iyakoki, 'yan gudun hijira da matsugunan 'yan kama-wuri-zauna zuwa gaba. A 1995 aka karkasa Yammacin Kogin Jordan gida uku, yankin C mai kusan kashi 60 cikin 100 ya zauna a hannun Isra'ila. A watan Nuwamban shekarar wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ya harbe Firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin, hare-haren ƙunar baƙin wake na Hamas kuma suka ƙara ruguza yarda. Riƙon shekara biyar ya haura shekara talatin. Hukumar na da tuta da 'yan sanda da ministoci, amma harajin kayan da ke shigo mata Isra'ila ce ke karɓa ta miƙa mata, ta kuma riƙe idan ta ga dama. Ba a sake zaɓen majalisa ba tun 2006, kuma rigimar ƙungiyoyin Fatah da Hamas ta raba Gaza da Ramallah, mazaunin Hukumar, tun 2007; wannan laifin shugabannin Falasɗinawa ne, ba na kowa ba.

A 2018 majalisar Isra'ila ta yi dokar da ta ce haƙƙin ƙaddara makomar ƙasa a Isra'ila na Yahudawa ne kaɗai, alhali kusan mutum ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Balarabe ne. Sannan harin Hamas na 7 ga Oktoba, 2023 ya hallaka mutum kusan 1,200, yaƙin da ya biyo baya ya mayar da Gaza kufai, ya ci dubun dubatar rayuka. A Yulin 2024 Kotun Duniya ta ce mamayar ta saɓa wa doka. A Satumban 2025 Birtaniya, wadda ta rubuta wasiƙar Balfour, ta amince da ƙasar Falasɗinu, bayan kusan shekara 108, a lokacin da 'yan kama-wuri-zauna sama da 700,000 ke zaune a Yammacin Kogin Jordan da Gabashin Ƙudus.